Kwanon Baba a Ƙofar Santiral

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Ƙawayena na jami'a sun tsare ni a waya, matan unguwa kuwa sai su zo sannu da zuwa su zauna har la'asar. Balkisa, yaya Faransa? Kin hau dogon ƙarfen nan na Pari? Da gaske ne kare ma yana da likitansa? Nakan yi murmushi in ce lafiya lau, akwai sanyi, akwai burodi. Na gaji da wannan amsa. Ga labarin yadda ya kasance, wanda ya karanta sai ya yafe mini sauran tambayoyi.

Asalinmu Damagaram, amma a arewa aka haife mu, a garin da ake haƙar uraniyom. Baba ya yi aikin rami har tari ya kwantar da shi, ya rasu ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare. Yayana Mutari shi ne mai kan lissafi a gidanmu. Ya samu tallafi ya tafi Lyon ya karanta aikin injiniya, daga baya aka ɗauke shi a wata tashar lantarki ta nukiliya mai aiki da uraniyom da ke wajen birnin, wadda suke kira santiral. Ɗaukar gwaji ce. In ya wuce gwajin za a tabbatar da shi, a sabunta masa takardar zama. In bai wuce ba, takardar ta mutu da aikin. Da albashinsa na farko ya aiko mini da kuɗin jirgi, ya ce in zo hutu in ga inda wahalar Baba take ƙarewa ta zama fitila.

Ana gobe zan tashi Inna ta kira ni ɗaki. Ta riga ta ɗaure kilishi da yaji da garin kuka, sannan ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gado naɗe cikin tsohon zanenta. Kwanon Baba ne, mai murfi da mariƙi, mai nauyi, launin toka, da lotsawa a gefe ɗaya. A cikinsa Baba yake kai abinci wurin aiki tun kafin a haife ni. Maƙerin bayan kasuwa ne ya ƙera shi da ƙarfen da masana'antar wanke ma'adini ta zubar, kamar yadda ya ƙera tukwanen rabin garin.

"Ki kai wa yayanki," in ji Inna. "Ɗa ya fara aiki, a kwanon ubansa zai ci. Ki ce masa ni na ce."

Shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce. Ana yaƙi a arewacin Mali, sojojin Faransa sun shiga, kuma ba a daɗe ba da wata mota ta fashe a ƙofar ma'adinin garinmu. Motocin fasinja ba sa fita sai da rakiyar soja, ɗaya gaba ɗaya baya. A kowane shinge sai mu sauka mu jera kaya a kan yashi. Wani soja matashi ya kwance zanen, ya buɗe kwanon, ya leƙa ciki, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Wannan za ki kai Faransa? Can ba su da kwano?"

"Na mahaifina ne."

"Allah ya jiƙan shi," ya ce, ya naɗe mini shi da hannunsa.

Na kwana biyu a Yamai wurin ƙanwar Baba, sannan na hau jirgi. Ban yi barci ba. Na manna goshi a taga ina kallon hamada tana wucewa a ƙasa, ina neman garinmu, ban gan shi ba.

A filin jirgin Pari mutanen duwan, wato kwastan, suka tsayar da ni. Kare ne ya fara zuwa, ya dafa akwatina kamar mun saba. Wata ma'aikaciya ta sa safar hannu ta zaro kilishin da yatsu biyu, ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ta jefa shi cikin wata babbar leda. Kilishin da Inna ta je da kanta ta zaɓa. Na tsaya ina kallon ledar har hawaye ya zo mini. Kwanon kuwa ta juya shi ta ce yana da kyau, aikin hannu ne, ta mayar. Sun tsare abin da ba ya cutar da kowa, suka bar ɗayan ya wuce. Amma a ranar ni ma ban san haka ba.

Hajiya Zuwera ce ta tare ni, aminiyar Inna, mutuniyar Maraɗi mai sayar da atamfa da turare. Tana zaune a Clichy-sous-Bois, can saman wani dogon bene da na'urar hawansa ta lalace tun kafin azumi. Muka hau da ƙafa, tana gaba tana haki tana gaishe ni.

"Ina Innarku? Ina gajiya? Ina mutanen gida? Riƙe bango, ɗiyata, hitilar nan ma ta mutu."

Mijinta Alhaji Bala Bakano ne, yana aika tsofaffin motoci gida. Da ya ji labarin kilishin sai ya tafa hannu.

"Kwastan sun ci! Wallahi yanzu haka suna can bayan ofis suna neman ruwa."

"Ka bar ta ta ci abinci," in ji Hajiya. "Ku mutanen Najeriya komi sai kun maishe shi dariya."

Tuwon garin semolina ta yi da miyar kuɓewa wadda ta fito daga firiza. Na ci don yunwa, amma kuɓewar ba ta da yauƙi, kamar ita ma ta gaji da tafiya. Abin da ya fi ba ni mamaki a benen nan shi ne shiru. Ɗaruruwan mutane a gini ɗaya, ka haɗu da maƙwabci a matakala ya kalli takalminsa. Na gaida wata tsohuwa na tambaye ta gajiya da iyali, ta ƙanƙame jakarta. Hajiya ta ce in rage gaisuwa, nan kalma ɗaya ta isa.

Na ga dogon ƙarfen, tunda kuna tambaya. Daga nesa na gan shi, Alhaji ya ce kuɗin hawa ya kai na buhun shinkafa. Abin da na fi gani a Pari sojoji ne. A tashar jirgin ƙasa suna tafe uku uku da manyan bindigogi, fuskokinsu na yara, irin na wanda ya naɗe mini kwano. Na yi zaton na baro yaƙi a baya, ashe ya riga ni sauka.

Jirgin ƙasan Lyon gudu yake kamar an koro shi. Wanda ke kusa da ni ya buɗe burodi da cuku ya cinye tas bai ce mini bismilla ba. Ni kuma da na fito da dabino na miƙa masa, sai ya tsorata ya ce a'a, na gode, har sau uku.

Yaya Mutari yana jirana a bakin tasha. Ya rame, ya yi aski irin nasu, amma dariyar tana nan. Ɗakinsa a Villeurbanne yake, kusa da jami'a, bai kai rumfar akuyar Inna ba. Gado, tebur, murhun lantarki mai baki biyu, da taga da ke kallon layin taram, jirgin cikin gari. Ya bar mini gadon ya shimfiɗa tabarma. A jikin ƙusa bayan ƙofa ya rataye wani kati mai hotonsa da igiya shuɗiya.

"Wannan shi ne baj," ya ce. "Kada ki taɓa. Wata da watanni suna bincikena kafin su ba ni. Har sunan kakanmu sai da suka tambaya."

Na ba shi kwanon. Ya zauna bakin gado ya ɗora shi a cinya, yana bin lotsawar da babban yatsa. Shi ya lotsa shi yana yaro, ya faɗo da shi daga keken Baba, ya sha duka. Can ya ce, "Me Inna ta ce?" Na faɗa masa. Ya juya ya kalli taga.

Ranar Lahadi abokinsa Isufu ya zo da mota. Mutumin Tawa ne, yana aikin lodi a wani babban sito a Vénissieux, bakinsa ba ya rufuwa. Suka ce za su nuna mini santiral daga nesa. Muka bi gonakin masara har muka hango wasu manyan hasumiyoyi masu siffar turmi, farin tururi yana tashi daga bakinsu yana haɗewa da gajimare. Na ce kamar mata ne ƙattai suka ɗora sanwa a bakin kogi.

"Ka ji ƴar adabi," in ji Isufu. "Mutari, ƙanwarka ta maida aikinka girki."

Yaya ya yi ta bayani da alfahari. Waya uku aka kewaye wurin da ita, akwai jandarmomi da karnuka, jirgin sama ba ya bi ta kai. Tun da aka fara yaƙin an ƙara tsaro. Ƙofar shiga tana neman makami da bam. Ƙofar fita kuwa tana neman gubar nan da ido ba ya gani, don kada ko ƙurarta ta bi mutum gida. Ya ce ko a tafin takalmi take sai ƙofar ta yi kuka.

Na tuna garinmu. Can ma akwai waya da sojoji, amma ban taɓa jin ƙofar da ke kuka don kada ƙura ta bi mutum gida ba. Baba da kayan aikinsa yake dawowa, Inna ta kaɗe su a tsakar gida muna wasa. Na so in faɗa, sai na ga yadda fuskar Yaya take haske, na fasa.

Litinin da safe na dafa shinkafa da wake, na zuba mai da yajin Inna, na cika kwanon. Ya rataya baj a wuya, ya ɗauki kwanon ta mariƙi. Daga taga na bi shi da kallo har ya shiga taram. Tafiyar Baba ce sak, kafaɗa ɗaya ƙasa.

A lokacin zafi rana ba ta faɗuwa da wuri a ƙasar nan, shi ya sa ban lura ya makara ba. Ina zaune ina jiran magariba da ta ƙi zuwa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Isufu ne, ba dariya a fuskarsa. Bayansa jandarmomi biyu, da wata mata da wani namiji riƙe da ƙaramar na'ura ruwan ɗorawa.

"Kada ki ji tsoro, ƙanwata," ya ce da Hausa. "Yana lahiya. Kwanon ne. Ƙohwar hita ta yi kuka."

Daga baya na ji yadda aka yi: da safe Yaya ya shiga lafiya, mai gadi har ya yi masa ba'a a kan kwanon. Ya ci abincinsa da rana. Da ya zo fita ƙofar ta ɗauki ƙara, ƙyamare suka rufe, jandarmomi suka kewaye shi. Ga baƙon ma'aikaci, musulmi, daga ƙasar da ke maƙwabtaka da yaƙi, daga ainihin garin da mota ta fashe, yana fita daga santiral da rufaffen ƙarfe mai fitar da guba. Ba na ma jin sun yi dogon tunani.

Suka bi ɗakin da na'urar. Gado, tabarma, Alƙur'ani, littattafaina, takalma. Na'urar tana ɗan yin ƙas, ƙas jefi-jefi. Da suka kai ta kan zanen Inna, inda tsatsar gindin kwanon ta zauna, sai ta kama ƙara kamar gyaɗa a cikin yashi mai zafi. Suka sa zanen a leda suka liƙe. Jandarma ɗaya ya zaunar da ni yana tambaya da Faransanci mai ladabi. Wa ya ba ni kwanon? Wa na haɗu da shi a hanya? Wane masallaci yayana yake zuwa? Muna da dangi a Mali? Me ya sa mutum zai ɗauko tsohon kwano daga Afirka zuwa Lyon?

Wannan ta ƙarshe ce ta fi wuya. Na ce uwarmu ce ta ce. Ya ɗago ya kalle ni yana jiran sauran, ni kuwa ba ni da saura. A wurinmu maganar ta ƙare ke nan.

Da za su fita, matar mai na'ura ta tsaya a bakin ƙofa ta rage murya.

"Wa yake ci a cikinsa?"

"Babana. Kullum, shekara da shekaru."

"Yana ina yanzu?"

"Ya rasu."

Ta kashe na'urar. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai abokin aikinta ya kira ta daga matakala.

Washegari aka sako Yaya, ba baj a wuyansa. Isufu ya kwashe mu zuwa gidansa a Minguettes, ya ce ba a barin mutum shi kaɗai da tunani. Matarsa Hadiza ta ba ni gefen gadon ƴaƴanta. Can na fi jin gida: yara suna ihu, ana soya albasa, wata Basakkwaciya daga bene na ƙasa takan hawo aron gishiri ta zauna hira. Labari ya bazu. Mutanenmu suka riƙa zuwa jaje kamar an yi mutuwa, ɗalibai da ƴan kasuwa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a nemi lauya, wani ya ce a yi saukar Alƙur'ani. Wasu kuwa ba su zo ba, sun ma daina ɗaukar wayar Yaya, don su ma suna da takardun da suke jira. Bai yi fushi da su ba. Ni na yi.

Wata rana da hantsi na same shi a baranda yana kallon motoci.

"Ni na karanta abin nan, Balkisa," ya ce. "Na san inda maƙerin yake samo ƙarfe. Da wani ne ya nuna mini kwanon a aji, da na ce a auna shi tukuna. Amma da kika miƙo mini ban ga ƙarfe ba. Baba na gani."

Sakamakon awo ya fito kafin hutuna ya ƙare. Gubar ba ta santiral ba ce. Tsohon dattin ma'adini ne da ya kama jikin ƙarfen tun kafin a ƙera shi. Yaya bai saci komai ba, bai shigo da komai da mugun nufi ba, sun rubuta haka. Isufu ya sayo kaji, Hadiza ta yi guɗa a hankali saboda maƙwabta.

Na raka Yaya ya karɓo baj. A wani ofis da ke wajen waya shugabansa ya same mu, dogo mai furfura, ya ba Yaya hannu biyu. Ya ce shi kansa bai taɓa zarginsa ba. Amma izinin shiga ba a hannunsa yake ba, hukuma ce take bayarwa, kuma ta sake duba fayil ɗin ta ce a'a. Ba ta faɗin dalili, doka ba ta tilasta mata ba. Injiniyan da ba ya iya shiga santiral kuwa ba shi da aikin yi a santiral, don haka gwajin ya ƙare.

"Lokacin ne ba shi da kyau," in ji shi. "Da ba a yaƙi, wataƙila da an yi dariya an wuce."

Yaya ya gode masa. Ni na tambayi kwanon. Mutumin ya yi mamaki, ya ce ai ya zama shara mai haɗari. An sa shi a ganga tare da zanen, an ba shi lamba, za a kai shi inda ake ajiye irinsa cikin siminti, ƙarƙashin tsaro, tsawon zamanin da ba wanda zai gani a cikinmu. Ko na ce ina so in ga gangar ba za a bar ni ba.

Isufu ya samar wa Yaya lodi a sitonsu kafin takardarsa ta ƙare. Ranar da zan tafi ya raka ni tasha da rigar aiki mai ɗaukar ido, ya cusa mini kuɗi a hannu.

"Ki sayi sababbin tukwane a Yamai. Duk abin da maƙerin nan ya ƙera a fitar da shi daga gidan. Amma kada ki gaya wa Inna kwanon ne ya jawo. Ki ce kwangila ce ta ƙare."

Na sayi tukwanen, na bi rakiyar soja na koma gida. Inna ta juya su ɗaya bayan ɗaya tana sa wa Yaya albarka, sannan ta mayar da su kwali ta tura ƙarƙashin gado.

"Waɗannan na aurenki ne."

"Inna, na girki ne. Tsofaffin ba su da kyau, Yaya ya ce a zubar."

"Tukunyar da na yi goyonku da ita? Me ta yi? Yoyo take?" Ta ci gaba da tuƙa tuwo. "Ya ci a kwanon ubansa?"

"Ya ci."

"To madalla."

Na yi kwanaki ina cin tuwon tukunyar nan, kowace loma ina tuna ƙarar na'urar nan. Ba yadda za a raba Inna da tukunyarta sai da dalili, dalilin kuwa shi ne abin da aka hana ni faɗa. Ranar Juma'a bayan ta idar da walaha na zauna gabanta na faɗa mata duka, ƙofar da ta yi kuka, baj, ganga, har da tambayar matar nan mai na'ura. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ni na ce ya ci a ciki," ta ce.

Ta tashi ta tattara tukwane da ludayi da kaskon tuya, ta ƙi in taya ta. Ta ɗora a ka ta kai juji bayan unguwa, ta dawo ta wanke hannu har gwiwa. Na ce mu je mu haƙa rami mu binne su in rana ta yi sanyi. Da muka je da la'asar ba ko murfi.

Shekaran jiya na bi ta ƙofar makarantar firamare. Wata mata tana sayar da kunu, yara sun kewaye ta da kofuna. Na gane babbar tukunyarmu tun daga nesa, da kunnenta ɗaya da aka ɗaure da waya. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani iyakar iyawata, na ce zan saya mata wata. Ta saurare ni har ƙarshe, ta kalli tukunyar, ta kalle ni.

"Ke ce ɗiyar da ta je Faransa ko?" ta ce tana dariya. "Kawo sabuwar, ina so. Wannan sai in ba ƙanwata, ita waina take yi."

Aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka shanye kunu, suka goge baki, suka ruga ta ƙofar makaranta. Ƙofar ba ta yi kuka ba.